Tabo a Kan Zuhal

Alhamis, 3 ga wata, ƙarfe 10:41 na dare

Wannan littafin na taurari ne, ba na surutu ba. Shekara goma sha tara ina rubuta abin da na gani a cikinsa da ƴan'uwansa da suka cika: rana, lokaci, gilashin da na sa, yadda sama take. Yau dai sai na yi surutu, don raina a ɓace yake.

Mun fito da Igwa bayan gida, ni da Tartsatsi, kamar kowace Alhamis. Igwa ita ce na'urarmu ta hangen taurari. Maƙwabta ne suka raɗa mata sunan ranar da suka fara ganin bututunta ya leƙo ta saman katanga, har wata tsohuwa ta aiko a tambaya ko yaƙi za a yi. Tartsatsi mai walda ne, abokina tun muna samari, shi ya haɗa mata bututu da ƙafafu. Babban madubin da ke gindinta kuwa mu biyu muka goge shi da hannu a kan wata tsohuwar ganga, wata goma sha ɗaya cur, kafin muka aika aka shafa masa alminiyam.

Sama fes. Na saita Zuhal, tauraron nan mai zobe, na ɗora ido a gilashin leƙe, sai na ga wani tabo toka-toka zaune daram a kansa, kamar an dangwala yatsa mai maiƙo. Kunnuwan zoben ne kawai ke leƙowa ta gefe da gefe.

Na ce, "Zo ka ga ikon Allah."

Ya leƙa, ya daɗe, ya ce, "Ni fa garau nake ganinsa, Daƙiƙa. Har ratar nan ta cikin zoben ga ta."

Daƙiƙa yake ce min saboda gyaran agogo nake yi, kuma wai ko atishawa zan yi sai na duba lokaci. Na ce masa mutumin da ya shekara talatin yana kallon wutar walda ba shi za a tambaya garau ba. Ya yi dariya, ni ma na yi. Da na koma, tabon na nan.

Gobe zan wanke gilasan leƙe.

Juma'a, 4 ga wata, ƙarfe 11:26 na safe, a shago

Shi ma gilashin aikina, wanda nake maƙalawa a ido in zan shiga cikin agogo, ya yi datti. Sau uku ina goge shi. Abin mamaki, dattin iri ɗaya ne da na jiya. Komai ya zama jabu yanzu, har ƙyallen gogewa.

Da idon dama nake aiki, a shago da kan Igwa. Na hagun tun ina ɗan shekara tara wata waya ta tsokane shi. Yana ganin mutum ya wuce, amma ba zai ce maka wane ne ba. Ban san me ya sa na rubuta wannan ba, kowa a gidan nan ya sani.

Lahadi, 6 ga wata, ƙarfe 11:08 na dare

Na wanke gilasan leƙe duka biyar, ɗaya bayan ɗaya, da auduga sabuwa.

Na saita Mushtari, ƙaton tauraron nan da ƙananan watanni ke zagaya shi. Watanninsa huɗu a jere suke yau, haka jadawali ya nuna. Na ƙirga uku. Na sake ƙirgawa, uku, amma ba ukun ɗazu ba. Na kalli na farko ya ɓace, sauran na nan. Na koma kan na biyu, na farkon ya dawo, shi kuma ya ɓace. Sai ka ce wasan ɓuya suke yi da ni.

Na juya gilashin leƙen a cikin raminsa. In a jikinsa dattin yake, tabon zai juya tare da shi. Bai juya ba. To, ba gilashi ba ne. Saura madubi.

Maman Auta ta kawo min shayi, ta tsaya tana kallona ina ta ɗora ido ina ɗagawa. Ta ce, "Shekara talatin da ɗaya da aure, Malam, da za a auna kallon da ka yi min da wanda ka yi wa sama, ni ko kwata ban samu ba."

Na ce ai sama ba ta mayar da magana. Ta ce shi ya sa kuka daɗe tare.

Litinin, 7 ga wata, ƙarfe 9:55 na dare

Gajimare. Ban san me ya sa na ji daɗi ba.

Alhamis, 10 ga wata, ƙarfe 11:52 na dare

Dole in rubuta wannan.

Tun Talata na tuna cewa wancan watan Tartsatsi ne ya kwance gindin Igwa don ya canza wani noti da ya yi tsatsa. Kwana biyu ina juya maganar a raina har ta nuna. Yana zuwa yau, ko zama bai gama yi ba na ce, "Ranar da ka canza notin nan, hannunka ya taɓa madubi?"

Ya ce, "Ni? Shekara nawa ina ɗaukar madubin nan kamar jariri?"

"Akwai maiƙo a kansa."

Ya haska jar tocilarsa cikin bututun, wadda muke amfani da ita don kada farin haske ya kashe mana ido. Ya duba ta nan, ya duba ta can. Ya ce, "Ƴar ƙura ce, irin ta kullum. Kuma Daƙiƙa, kai ka koya min da bakinka, datti a babban madubi ba ya fitowa tabo a ido, haske kawai yake ragewa. Ko na yi maka ƙarya?"

Na kawar da kai.

Ya matso, ya rage murya. "Bar Igwa tukuna. Ga fitilar ƙofar maƙwabcinka can. Rufe idon hagun, ka kalle ta da idonka kawai, ka faɗa min me ka gani."

Ban kalla ba. Wallahi wuyana ne ya ƙi juyawa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Makaho ne zai gwada min ido? Ka ɓata min madubina da hannunka na baƙin mai, sannan ka ce laifin idona ne?"

Na zaci kalmar makaho ce za ta yi masa zafi. Ashe ba ita ba ce.

Ya ce, "Madubinka." Ya maimaita a hankali. "Wata goma sha ɗaya ina zagaya ganga har bayana ya ƙage, ashe naka ne."

Ya miƙe. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Gobe ka je asibiti. Ba don ni ba."

Ya manta tocilarsa a kan kujera. Shekara arba'in muna tare, ko musu mai ƙarfi ba mu taɓa yi ba sai a kan ƙwallo.

Juma'a, 11 ga wata, ƙarfe 7:14 na safe

Maman Auta ta ji komai ta tagar kicin. Tana miƙo min kofi ta ce, "Malam, laifi tudu ne..." Ban bari ta ƙarasa ba, na ce na makara.

Ban makara ba. Ban taɓa makara ba.

Lahadi, 13 ga wata, ƙarfe 10:33 na dare

Na ciro madubin na wanke shi bisa ƙa'ida. Tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ɗigon sabulu ɗaya, auduga a jiƙe ana jan ta da nauyinta kawai, ba dannawa. Na jingina shi a tsaye ya bushe da kansa. Ya yi kyau har na ji kamar in sara masa. Na mayar, na daidaita, awa ɗaya da minti goma.

Tabon ya ƙara girma. Yanzu ko kunnuwan zoben sai na yi dabara.

Baƙin mai ba ya fita da sabulu, shi ke nan. Baƙin mai ne.

Talata, 15 ga wata, ƙarfe 4:47 na yamma, a shago

Wata malamar makaranta ta kawo agogon mahaifinta marigayi, irin na dauri, tsoho mai kyau. Tana tsaye na buɗe shi. Wani ɗan noti ya faɗo min a kan faranti, na neme shi na rasa. Na duba faranti, na duba cinyata, na durƙusa ƙasa ina lalube.

Ta ce, "Baba, ba shi ne wannan a gabanka ba?"

Shi ne. A tsakiyar farantin, inda na fi kallo. Shekara talatin da shida a sana'ar nan ba a taɓa nuna min noti ba. Kunya ta kama ni har na ce mata ta dawo mako mai zuwa, wai sai na nemo wani ƙarfe.

Gefen ƙofar shagon ya lanƙwashe a tsakiya. Zan yi wa kafinta magana.

Alhamis, 17 ga wata, ƙarfe 11:59 na dare

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bari in bi shi daki-daki.

Na fitar da kujeru biyu. Na jira har ƙarfe tara da rabi, bai zo ba. Na ce to, ya ga dama, ni ma zan nuna masa baƙin mansa a kan auduga.

A shago ina da wani farin man da nake goge gilashin agogo da shi. Duk yadda gilashi ya kai ga ƙarzuwa, minti biyar ya koma sabo. Shekara da shekaru bai taɓa ba ni kunya ba. Shi na zo da shi a aljihu tun yamma, kenan tun yamma na yi niyya, ba zan ce fushi ne ba.

Na shimfiɗa jan tawul a kan teburin kicin, na ɗora madubin. Na laƙaci man kaɗan, na fara daga gefe, a hankali. Audugar ta yi baƙi. Wallahi daɗi na ji. Na ce ga shi nan, ga hannun Tartsatsi. Na canza auduga, ita ma ta yi baƙi. Na ƙara mai, na ƙara ƙarfi, har ina ƴar waƙa.

Sai na ga ja.

Na ɗaga madubin. Jan tawul ne nake hangowa ta cikinsa. Baƙin da ke kan audugar ba mai ba ne, alminiyam ɗin ne, fatar madubin ce nake saluɓewa. Wuri kamar tafin hannuna ya koma gilashi tsirara.

Ni na san ba a goga madubi. Ni nake gaya wa mutane. Ko numfashi ba na bari a yi masa kusa. Na zauna a ƙasan kicin riƙe da shi a cinya, ban san iya lokacin ba, kuma ban duba ba.

Juma'a, 18 ga wata, ƙarfe 5:30 na asuba

Tafin hannu guda. Ni da hannuna.

Asabar, 19 ga wata, ƙarfe 10 da wani abu na dare

Na mayar da madubin haka nan, don ba zan iya ganinsa a kan tebur ba. Na saita Zuhal da ƙyar. Sannan na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko, na kira Maman Auta.

Ta fito tana goge hannu. "Lafiya? Yau ni ake gayyata?"

Na ce ta leƙa ta faɗa min abin da ta gani. Ta sunkuya, ta rufe ido ɗaya da tafin hannu, don ba ta iya kanne shi ba.

"Kai! Ga shi nan kuwa. Ɗan ƙwallo da zobe, kamar an zana."

"Babu tabo a kansa?"

"Wane irin tabo?"

"Duba da kyau. Toka-toka."

"Malam, tas yake."

Ta cikin madubin da na lalata ke nan. Tas yake.

Kwana nawa ina kauce wa fuskokin mutane, ina kallon hannuwansu, ina kallon agogunansu. Yanzu na juyo na dube ta sosai a hasken ƙofar kicin. Ga ɗankwali. Ga kunnuwa da ƴan kunne. Ga haɓa. Tsakanin su babu komai. Babu ido, babu hanci, babu baki, sai toka, kuma muryarta na fitowa daga cikin tokar.

"Malam, me ya faru? Me kake gani?"

Na ce, "Ɗankwalinki."

Ta gane. Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba, sai ta zauna daɓas a kan kujerar Tartsatsi. Can ta ce, "Tun yaushe?" Na miƙa mata littafin nan. Ta karanta shi da jar tocila tun daga ranar uku ga wata, ina jin ƙarar shafukan.

Tsoro nake ji. Na rubuta, tsoro nake ji.

Litinin, 21 ga wata, da yamma

Ban sa minti ba saboda ban iya karanta agogon hannuna ba. Ni.

Likitar ido yarinya ce, ba za ta girmi Autarmu ba. An ɗiga min magani, an sa na jira, an sa haɓata a kan wata na'ura ta ɗauki hoton cikin idon. Ta ba ni takarda mai layuka kamar ta lissafi, da ɗigo a tsakiya. Ta ce in kalli ɗigon. Na ce wane ɗigo.

Ta ce, "Baba, yaushe ka fara lura?"

Na ce, "Alhamis, uku ga wata, wajen goma saura kwata na dare."

Ta fara rubutawa, sai ta tsaya. Na ji ta ajiye biro. "Ka san ranar har da lokacin?"

Maman Auta ta ce, "A rubuce ma yake, likita."

"Kwana goma sha takwas ke nan, Baba. Ka rubuta, amma ba ka zo ba?"

Me zan ce? In ce madubi nake wankewa?

Ta yi bayani da yawa. Jini ne ya tsatsafo a bayan idon, daidai inda tsakiyar gani take. Za a yi min allura a cikin idon kansa, ba sau ɗaya ba. Ta ce za su yi ƙoƙarin tsayar da shi. Ta ce wani abu game da abin da ya riga ya tafi, amma a lokacin kunnena ya toshe, ina kallon gefen tebur ɗinta da ya lanƙwashe kamar ƙofar shagona.

Maman Auta ce ta yi tambayar da na hana kaina. "Da ya zo a makon farko fa?"

Likitar ta juyo gare ta. Ta ce, "Mama, a wannan ciwon kowace rana tana da muhimmanci." Ba ta ƙara ba.

A hanyar gida abu ɗaya na yi ta tunawa. Da na sani ƙeya ce, na sha faɗa wa masu kawo agogo bayan ruwa ya kwana uku a ciki.

Laraba, 23 ga wata, da rana

An yi allurar. Ba ta da zafi kamar yadda na zata. Na so a ce tana da zafi.

Alhamis, 24 ga wata

Alhamis. Ko kujera ɗaya ban fitar ba.

Talata, 29 ga wata, da hantsi

Yanzu da ƙaton biro mai kaurin baki nake rubutu, layi biyar ke cika shafi. Ina kallon saman layin, hannuna na tafiya a ƙasa. In ya karkace a yi haƙuri.

Mun je shago ni da Maman Auta. Agoguna goma sha huɗu na mutane ne a rataye. Tana karanta min takardar jikin kowanne, ina gaya mata na wane ne, tana bugawa su zo su karɓa. Na ce a gaya musu hutu zan yi. Ta gaya musu hakan.

Malamar makarantar ta zo. Agogon mahaifinta a buɗe yake, na haɗa mata ƙarafunan a ƴar kwalba, na kwatanta mata wani mai gyara a ƙarshen titi, wanda shekara goma ina cewa bai iya komai ba. Ta yi godiya, ta ce Allah ya ƙara sauƙi. Ashe kowa ya sani.

Auta ta bugo daga garin da take aiki, tana kuka, za ta nemi izini ta zo. Na ce kada ta soma, ƙura ce ta shiga min ido. Uwarta ta fizge wayar ta ce, "Ƙarya yake yi, ki zo."

Alhamis, 31 ga wata

Sama fes, in ji Maman Auta. Ban tambaye ta ba.

Litinin, 4 ga sabon wata, da yamma

Mun koma. An sake hoto. Likitar ta ce jinin ya tsaya, bai ƙara faɗi ba, kuma wannan labari ne mai kyau. Za a ci gaba da allura don a tsare sauran.

Na ce, "Ƴata, gaya min gaskiya, ba na son kwana-kwana. Tsakiyar fa?"

Ta ce, "Ba na jin za ta dawo yadda za ka yi aikin agogo, Baba. Amma gefen yana nan lafiya. Ba za ka shiga duhu ba. Akwai wata dabara da za mu koya maka, ta yadda za ka riƙa..."

Na ce na gode, na miƙe. Ban ji dabarar ba. Shagon nake ta gani, da farantin, da ƴan kwalaben notina da na jera su bisa girma.

Laraba, 6 ga wata, da hantsi

Na ɗauki jar tocilar na tafi garejin Tartsatsi da ƙafa, ni kaɗai. Na ce wa Maman Auta mayar masa da kayansa zan yi. Ta ce, "To, a gaishe da tocila."

Tun daga nesa nake jin ƙarar injinsa. Ban kai ƙofa ba na ji ya daka tsawa, "Juya baya! Kada ka kalli wutar nan!" Ya kashe injin a tsakiyar aiki, abin da ko gwamna ne ya zo ba ya yi.

Kenan ya sani. Ya ce Maman Auta ta bugo masa tun daren da ta karanta littafin, shi ne ma ya nemo sunan likitar a wurin wani da ya taɓa yi wa ƙofa. Kullum yana bugawa ya ji jikina, ya ce kada a gaya min.

Na miƙa masa tocilar. Na shirya magana mai tsawo a hanya, duk ta gudu. Na ce, "Na lalata madubinmu."

Ya ce, "Na wa?"

"Namu."

"Ban ji ba, ka san walda ta ci kunnena ma."

"Namu, Tartsatsi. Da man goge agogo. Tafin hannu guda. Kuma ba hannunka ba ne, ba a taɓa samun hannunka a kai ba. Ka yafe min."

Ba na ganin fuskarsa, sai hular waldar da ya ɗage sama da kafaɗunsa. Kafaɗun suka fara rawa. Na zaci dariya yake yi. Da ya yi magana na ji ba ita ba ce.

Ya ce, "Da na ɗauke ka a kafaɗa na kai ka a daren nan. Na yi fushi na tafi, na bar ka da madubi. Kullum sai na tuna."

Na ce ai ko da igiya ya ɗaure ni da ban je ba. Ya ce wannan kam gaskiya ne, taurin kai kamar tsohon noti. Ya share hanci da bayan hannu ya ce gobe Alhamis.

Alhamis, 7 ga wata, dare, ban san ƙarfe nawa ba

Ya zo. Shi ya fitar da Igwa, shi ya daidaita ta. Ya haska madubin ya yi tsaki mai tsawo, ya ce, "Aikin gwani. Ko ni da injin gurza ba zan yi haka ba." Ya ce za a iya sake shafa masa fata, in mun ga dama. Har yanzu dai yana kama haske.

Ya saita Zuhal. Na ɗora ido. Babu. Na matsar da kallona gefe, na ga wani ɗan haske mai tsawo, ba zobe, ba rata. Na daɗe ina nema kafin na haƙura. Na ce ya leƙa ya faɗa min. Ya faɗa min, bai rage komai ba, har inuwar zoben a jikin ƙwallon. Na gode masa da bai rage ba. Hawaye na ta zuba, na bar su.

Sai ya ce, "Tashi, wata bai fito ba, bari mu nemi Hayaƙi." Haka muke kiran wani gungun taurari mai nisan gaske da ke fitowa dishi-dishi kamar hayaƙin da ya kusa watsewa.

Na ce, "Wanda bai ga Zuhal ba ne zai ga Hayaƙi?"

Ya ce, "Daƙiƙa, ranar farko da ka nuna min shi na ce ba na ganin komai. Me ka ce min?"

Na tuna. Na ce masa abu mai dishi-dishi ba a kallonsa kai tsaye, sai a kalli gefensa, don gefen ido ya fi tsakiya jin haske. Kowane mai kallon taurari ya san wannan. Shekara goma sha tara ina yi. Ina jin ita ce dabarar da likitar ta so koya min na miƙe.

Na ɗora ido. Na ajiye tabon a kan wani wuri da babu komai, can dama. Na jira, na yi numfashi a hankali.

Ga shi nan. Ta hagu, dogo, a kishingiɗe, yadda yake kullum. Bai ragu da komai ba. Na ce, "Ga shi!" da ƙarfi har karen maƙwabci ya amsa. Tartsatsi ya buge ni a baya har na kusa ture Igwa.

Maman Auta ta fito da gudu. "Me ya faru? Malam, idon ne?" Ta tsaya a hasken ƙofar kicin, inda ta tsaya wancan daren.

Na juyo. Na ɗauke tabon daga kanta, na ajiye shi a kan katanga, kamar taku ɗaya daga kafaɗarta.

Ta ce, "Ina yi maka magana kana kallon katanga?"

Na ce, "Tsaya nan, kada ki motsa. Ke nake kallo."

Ta tsaya. Ba garau ba, amma ita ce, da idanun da hancin, ta sa hannu ta toshe baki. Na daɗe ina kallo.

Abin da aka gani yau: Hayaƙi, da Maman Auta. Sama fes.